RAV4, CR-V, Tucson ko Qashqai: wacce za ta iya da hanyoyin Damagaram?

Abban Nana ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san mota, musamman masu bin hanyoyin ƙauye a nan jihar Damagaram.

Sana'ata sayar da maganin dabbobi da irin shuka. Shagona yana cikin Zindar, amma rabin cinikina a kasuwannin mako nake yin sa: Mirya ran Lahadi, wani zubin Matamaye da Magarya, ga kuma abokan ciniki a ƙauyukan wajen Damagaram Takaya waɗanda sai an sauka daga kwalta an kutsa cikin yashi kafin a kai gare su. Motar da ke hannuna yanzu ƙarama ce, irin ta cikin gari. A kan kwalta ba ni da abin cewa a kanta, amma da na sauka sai cikinta ya riƙa sharar ƙasa, da damina kuwa akwai wuraren da dole in ajiye ta in ɗauki ɗan kabu-kabu da kwalayena.

Hilux da Prado sun fi ƙarfin aljihuna, kuma ko ina da kuɗin ba na son abin da zai shanye mini riba a gidan mai. Shi ya sa hankalina ya koma kan matsakaitan nan masu tsayin kat-kat da jikin ƙaramar mota. Na ware miliyan 7 na sefa, har da takardu. In an matsa zan iya ƙara kaɗan, amma sai na taɓa jarin shago, abin da ba na so ke nan.

Na zaga wuraren dillalai, huɗu suka tsaya mini a rai. Akwai Toyota RAV4 ta 2010, zuwan Amurka, injin 2.5, otomatik, da safaya a manne a ƙofar baya. Cikinta ba wani ado, kujerun yadi ne, rediyon ma tsohon yayi, amma ita ce mafi tsada, dillalin kuma ko ragi ba ya son ji. Akwai Honda CR-V ta 2009 mai kujerun fata da rufi mai buɗewa, na tuƙa ta kaɗan, ta fi laushi, kuɗinta bai kai na RAV4 ba. Sai Hyundai Tucson ta 2013, wadda ta fi su ƙuruciya, ga kyamarar baya, ga allo, ga maɓallai a jikin sitiyari, kuma duk da haka ta fi su arha. Ta ƙarshe Nissan Qashqai ce ta 2012, zuwan Turai, injin 1.5 na gazuwal, wadda mai ita ya rantse mini cewa sansanar mai kawai take yi.

Uwargida ta ga hotuna ta ce ita dai Tucson, magana ta ƙare. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne: me ya sa tsohuwar mota marar kayan alatu ta fi sabuwa mai kayan alatu tsada? Suna kawai ake saya, ko akwai abin da ban gani ba?

Kayan da nake ɗauka kwalayen magani ne da buhun iri biyu ko uku. Wasu magungunan ba sa son zafi, don haka kilim, wato na'urar sanyaya mota, a wurina ba gayu ba ne. Da Sallah kuma mu biyar ne za mu je Maraɗi. Na gode.

Ɗan Birni ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Abban Nana, kar ka wahalar da kanka, ɗauki Toyota ka huta. Ran Alhamis ka tsaya bakin Kasuwar Dole ka dubi motocin da suka shigo daga ƙauye, ka ga tambarin da ya fi yawa. Mutanen nan ba su yi shawara da juna ba, hanya ce ta zaɓar musu. Ko yaron da ya shiga gareji bara ya san cikin Toyota, ranar da ka so sayarwa kuma kafin la'asar ka samu mai saye. Kyamara da allo ba sa fitar da mota daga yashi. Ka ba uwargida haƙuri, ka saya mata atamfa da canjin.

Mutari Makaniki ya rubuta:

Ɗan Birni ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Ni aikina ke nan, a Kano na koya, a nan nake yi, kuma abin da nake gaya wa duk wanda ya zo da irin tambayar nan shi ne: tambarin gaba ba ya isa, sai ka san shekara, ka san injin, ka san giya. Kai da ke hulɗa da masu dabbobi ka fi ni sani, mai sayen rago haƙora yake buɗewa, ƙaho na masu kallo ne.

Bari in fara da RAV4 ɗin. Wannan jikin, wanda aka yi daga 2006 zuwa 2012, injuna uku yake zuwa da su daga Amurka. Na 2006 zuwa 2008 injin 2.4 ne, kuma an san shi da shan baƙin mai saboda zoben fistin. Kamfanin da kansa ya amsa haka har ya tsawaita garanti a can. Daga 2009 aka koma 2.5, wanda ya fi shi lafiya, kuma shi ne dai injin da ke cikin Camry ta wannan zamani, abin da ke sauƙaƙa samun kayansa. Na uku shi ne V6 mai 3.5, doki 269. Wannan gudu gare shi kamar me, amma kai ba tsere za ka yi ba, kuma ya cika gaban motar taf, ƙaramin gyara sai an kwance abubuwa da yawa, kuɗin aiki ya hau. To taka ta 2010 mai 2.5 ita ce wadda ake nema, dillalin ya san haka, shi ya sa ya ƙi ragi. Giyarta huɗu ce kacal, masu son zamani suna raina ta, ni kuwa ina son ta don ba ta da rikici. Injin da kaca yake aiki, babu bel ɗin da za ka riƙa lissafin ranar tsinkewarsa. Na CR-V ma kaca ce.

Amma kafin duk wannan, akwai abin da ya kamata ka fara dubawa, kuma da yawa ba sa dubawa. Ba kowace mai wannan siffa ce ke ja da ƙafa huɗu ba. A Amurka ana sayar da RAV4 da CR-V da Tucson masu ja da ƙafafun gaba kaɗai da yawan gaske, jiki ɗaya, tsayi kusan ɗaya, kuma su ne suka fi arha a gwanjo, don haka suna zuwa mana sosai. Kar ka yarda da rubutun bayan mota, ana sayar da irinsa a kasuwa a manna. Ka shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashinta. In ka ga farfela ta taso daga giya ta miƙe zuwa baya, ta shiga tukunyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya, to ƙafa huɗu ce. In ka ga salansa kaɗai, ƙaramar motarka ce ka sake saya, an dai ɗaga ta sama. Wani lokaci ma za ka tarar da tukunyar tana nan amma an cire farfelar saboda ta lalace ko wai don a rage shan mai. Wannan ma ka lura.

Ko a cikin masu ƙafa huɗun akwai bambanci. Dukkansu da gaba suke tafiya, sai gaban ya fara santsi sannan baya ya kama. RAV4 tana da maɓallin da za ka danna ka tilasta wa baya ya kama tun kafin ka shiga yashi, yana aiki muddin ba ka wuce kilomita 40 a awa ba, da ka wuce ya saki da kansa. Tucson mai ƙafa huɗu ita ma tana da irinsa. CR-V ta 2007 zuwa 2011 ba ta da shi, jira take sai tayoyin gaba sun juya a banza. A kan laka ko jiƙaƙƙiyar kwalta wannan ba komai, amma a yashi mai zurfi ɗan jinkirin nan ya isa gaba ya haƙa wa kansa rami.

Tsayi daga ƙasa kuma, RAV4 ɗin nan wajen santimita 19 take, CR-V ta kusa da ita, Tucson wajen 17. A takarda ke nan, ranar da suka fito daga kamfani. Ka sa shekara goma sha a kan shokozoba, ka ɗora buhu uku da mutane, sai ka rage. Santimita biyu ba komai ba ne a ido, amma a hanyar da manyan motoci da amalanke suka haƙa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya, su ne tsakanin wucewa da zama. Wani abin mamaki, RAV4 da ta biyo bayan wannan, ta 2013 zuwa 2018, ta fi ta zama ƙasa, kuma an ɗauke safayar daga ƙofa an sa ƴar siririya a ƙarƙashin but. Ta fi kyau, ta fi shiru, giyarta shida, amma don aikin ƙauye ni tsohuwar nake ɗauka.

Tucson ba mugunyar mota ba ce, kar a ce na ce. Tana da daɗin tuƙi, kuma ita da Kia Sportage gida ɗaya suka fito, kayansu da yawa suna shiga juna. Abu biyu ne ke karya mata farashi. Na farko, dangin injin da ake kira Theta II, na 2.0 da 2.4, tun 2015 Hyundai da Kia suka yi ta kiran a mayar musu da motoci don gyara a Amurka saboda matsalar mital, wato ƙarafan da sandar ƙasan injin ke juyawa a kansu. Ba kowace mota abin ya shafa ba, amma kai ba ka san tarihin wadda ke gabanka ba, don haka dole a tayar da ita da sanyin safiya a kasa kunne. In ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, ka yi sallama. Na biyu, kayan gyara. Abin RAV4 in babu a Zindar, ka buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, gobe direban tasha ya kawo maka ta Daura da Matamaye, kuma ka zaɓa tsakanin sabo da na kwance. Na Tucson akwai, amma sau da yawa sai an nema, sai an aika hoto, wani lokaci a kawo wanda bai shiga ba a mayar. Ma'aikacin ofis zai iya hawa babur har kayan su iso. Kai in motarka ta kwana a gareji ran Asabar, kasuwar Mirya ta wuce ka.

Amsar tambayarka ke nan. Arhar da ka gani a Tucson ba kyauta ba ce, wanda zai saya daga hannunka nan da shekara huɗu shi ma haka zai taya ta. Allon da kyamarar kuma, in su ne damuwar uwargida, ana sa wa RAV4 irinsu a nan garin da kuɗin da bai kai na taya biyu ba.

Hajiya Rakiya ta rubuta:

Malam Mutari, sannu da ƙoƙari, mun ƙaru. Amma ku maza in kuna maganar mota sai ku manta akwai masu zama a baya. Ni CR-V ta 2010 nake hawa, kuma aikina yana kai ni Yamai, tafiyar da ta kusa kilomita 900. Wanda ya taɓa zama a mota tun asuba har dare a hanyar nan ya san laushin kujera da faɗin wurin miƙe ƙafa ba ado ba ne. Ƙasan bayanta a shimfiɗe yake, na tsakiya ba ya ɗora ƙafa a kan tudu. Mahaifiyata, da ciwon gwiwarta, tana shiga ba sai an ɗaga ta ba.

Sannan ƙofar but. Ta CR-V sama take ɗagawa, ko a cunkoson kasuwa ka buɗe ka ɗauki kayanka, har ta yi maka inuwa. Ta RAV4 gefe take buɗewa, da nauyin taya a jikinta, sai ka sami fili a bayanka. Kai da za ka riƙa sauke kwalaye a tsakiyar kasuwa, tsakanin amalanke da masu talla, ka gwada buɗe kowace ka gani kafin ka yanke.

Sharaɗinta guda ne, kuma shi ne inda mutane ke cutar ta: man giyarta nata ne na Honda, man tukunyar baya ma nata ne daban. Ba a zuba mata kowane jan mai don an ga launi ɗaya. Ni daga Kano nake sa a kawo mini, ina tsaye a buɗe galan a zuba. Tun da nake haka ban sami abin kuka ba.

Inda zan goyi bayan Malam Mutari shi ne batun alatu. Rufi mai buɗewa an yi shi ne don ƙasashen da ake marmarin rana. Mu nan da hunturu ƙura ce, da bazara wuta, da damina kuma in magudanan gefensa suka toshe da ƙasa ruwa ya sauko maka a ka. Tawa na sa an share magudanan na bar shi a rufe. Kujerar fata kuwa, ka ajiye mota a rana cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, ka dawo ka zauna, za ka ba da labari. Ƙarshenta sai ka saya mata riga, ka koma kan yadin da ka raina. Kar ka biya ko dala saboda waɗannan biyun.

Abban Nana, in yawancin tafiyarka kwalta ce da burji, CR-V ta ishe ka, kuma ragowar kuɗin ka sa sababbin tayoyi. Ka gaida mini Maman Nana, ka ce ta je ta zauna a bayan kowace da kanta, hoto ba ya nuna wannan.

Abban Nana ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, za ta ji. Malam Mutari, na bi maganarka na koma da kwalina. RAV4 tana da farfela, maɓallin ma na gan shi. Tucson tana da ita. CR-V ɗin kuwa babu komai a ƙarƙashi sai salansa, ta gaba ce kaɗai, dillalin ya ce wai shi ma bai lura ba. Don haka wannan CR-V ɗin dai ta fita, sai in an sami wata.

Saura tambaya biyu. Mitar RAV4 tana nuna 140,000, dillali ya ce kilomita ne, ni ban gamsu ba. Sannan ba wanda ya ce komai a kan Qashqai. In da gaske ba ta shan mai, ashe ba ita ce ta ɗan kasuwa ba?

Baba Isufu Direba ya rubuta:

Ɗana Abban Nana, batun injin na bar wa Mutari, ni tuƙi na sani. Na yi aikin direban furoje har na yi ritaya, tsakanin Tanut da Gure da Difa babu irin yashin da ban ci ba.

Ka sa a ranka cewa duk motocin da ka lissafa motocin kwalta ne da aka koya wa ɗan taka ƙasa. Ba su da ƙaramar giya irin ta Land Cruiser, wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfin ja, abin da ke kama ƙafafun bayansu kuma in ka matsa masa a yashi na dogon lokaci zafi yake ɗauka, ya saki. Za su kai ka ƙauyen da ke nesa da kwalta da ɗan tazara su dawo da kai. Ba za su kai ka Tarmit can cikin hamada ba, kar wani ya zuga ka.

A yashi, iskar taya ta fi maɓalli aiki. Kafin ka shiga ka tsaya ka rage ta zuwa wajen bar 1.5 a ma'aunin iska, in ya yi laushi ƙwarai ka ƙara ragewa kaɗan, tayar ta baje. Na sha wuce manyan kat-kat da suka kafe da tayoyi kamar dutse, ni ina cikin motar da ba ta kai su ba. Ka sayi ɗan famfon da ake haɗawa da batir, don da ka hau kwalta dole ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Ka riƙe shebur da igiya mai ƙarfi. In motar tana da maɓallin kashe na'urar hana santsi, ka kashe a yashi, don ita da ta ji taya na juyawa sai ta rage wuta, a daidai lokacin da kake bukatarta. In ka ji ta fara nutsewa ka ɗaga ƙafa, kar ka ƙara mata, ka koma da baya a kan sawunka. Kuma ka yi sammako, yashin safe ya fi na rana ɗaukar mota.

Safayar da ke ƙofar RAV4, Hajiya ta faɗi wahalarta, bari in faɗi amfaninta. Cikakkiyar taya ce irin sauran. Dajinmu ƙaya ce, ta aduwa kaɗai ta isa. Ƴar siririyar nan da wasu ke zuwa da ita a rubuce yake a jikinta kar a wuce 80, kuma a yashi wuƙa ce. Sannan in ta cikin but ce, sai ka sauke duk kwalayenka a ƙasa kafin ka ciro ta. Ka guji manyan ƙafafu masu siririyar taya, inci 16 ko 17 mai kaurin gefe shi ne namu. RAV4 da CR-V da yawa lamba ɗaya suke sawa, 225/65 R17, samunta ba wuya. In za ka sayi ta hannu ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Tun da ba ka biya ba tukuna, ka sa ido ko za ka ga Suzuki Grand Vitara, wadda aka fara a 2005. A cikin masu wannan girma ita ce ke zuwa da ƙaramar giya ta gaske, safayarta ma a ƙofa. Ta fi su tauri a gargada, but ɗinta bai kai nasu ba, tana kuma ɗan shan mai, amma a yashi ba sa ganin ƙurarta. Duster mai ƙafa huɗu da giyar hannu ita ma tana da tsayi, ta haura santimita 20, ga rashin nauyi. Sai dai duk biyun ka tambayi Mutari batun kayansu kafin ka ƙyasa.

Mutari Makaniki ya rubuta:

Baba Isufu, Allah ya ƙara girma. Grand Vitara mota ce, ba musu, amma kayanta sun fi na Tucson wuyar samu a nan. Wanda kullum cikin yashi yake zai iya jure wannan. Abban Nana rabin tafiyarsa kwalta ce.

Batun mita: motar Amurka da mil take ƙirga. Ka dubi allon gudu, in manyan lambobin na mil ne, ƙananan na kilomita, to 140,000 ɗin nan mil ne, ka ninka da 1.6, ya kama kilomita 225,000 ko kusa. Ga injin 2.5 da aka kula da shi wannan ba abin tsoro ba ne, amma makami ne na neman ragi. In daga Kanada ta zo, kilomita ne da gaske, sai dai a nan kuma tsatsa za ka duba, don gishiri suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarƙashin mota. Mita ma ana juya ta, don haka ni na fi yarda da robar birki da fatar sitiyari da kujerar direba. Ka kwafi lambar jikin motar, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka sa yaro ya bincika a intanet. Sau da yawa hotunan ranar gwanjonta suna fitowa, ka ga ko hatsari ta yi ko ambaliya ta ci ta. Ta hatsari in bai taɓa ƙashin mota ba ana zama da ita. Ta ruwa kuwa, kar ka karɓa ko a rabin kuɗi, wayoyinta ba sa daina ciwo. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin kujeru, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai sawun laka.

Qashqai kuma, mai ita bai yi ƙarya ba, injin 1.5 na Renault ne kuma da gaske ba ya shan mai. Mu yi lissafi da farashin da aka sa a Yulin 2024, litar mai sefa 499, ta gazuwal 618. Mu ɗauka RAV4 ta sha lita 10 a kilomita 100, kusan jaka 5 ke nan. Qashqai ta sha lita 6, jaka 3 da sefa 700. Bambancin wajen jaka 1 da sefa 300. In kana yin kilomita 20,000 a shekara, ka tsira da jaka 260. Kuɗi ne, ban raina ba. To amma gazuwal na Turai na wannan shekarun yana zuwa da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke toshewa in ana yawan gajerun tafiye-tafiye, ga nozul da famfo masu aiki da matsi mai tsanani waɗanda ba sa yafe ruwa ko ƙasa a cikin mai. Kai kuma mai yawon ƙauye ne, wata rana dole ka sha na kwalba. Ranar da nozul huɗu suka tashi, ribar shekarar ta tafi, wataƙila har da ta baɗi. Injin nan bel gare shi, ba kaca ba, in ka saya sai ka canja shi nan take don ba ka san shekarunsa ba. Kuma abin da ya kashe maganar gaba ɗaya: Qashqai ta wannan jikin mai 1.5 da ƙafafun gaba kaɗai aka yi ta. Ba sai ka ɓata kwalinka ba.

In wani ya kawo maka mai otomatik irin CVT, wadda ba ka jin tana canja giya, ko ta wane kamfani ce, ka yi hattara. Zafi da yashi da lodi su ne abokan gabanta, kuma a nan ba gyara ta ake ba, sai dai a sauke a ɗora wata.

Takardu kuma kar ka ɗauke su da wasa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 motoci suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya hau, shi ya sa za ka ga wasu na shigowa ta wasu ƙofofi da takardun da ba su cika ba. Ka ɗauki takardar duwan, wato kwastan, ka je ofishinsu da kanka a tabbatar, ka gwada lambar da ke takarda da wadda ke jikin mota harafi bayan harafi, sannan ka ba da kuɗi.

Daga cikin miliyan 7 ɗin ka ware wani abu don juyen baƙin mai da man giya, matatar iska, wankin lagireto da duba kilim. A zuba mata ruwan lagireto na galan, ba na rijiya ba, kuma duk wanda ya ce zai cire maka tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, wai don ƙasarmu da zafi, ka hana shi. Ka gaya wa dillalin RAV4 da na Tucson kar su tayar da su ran Asabar da safe, zan zo da kwamfuta mu same su da sanyinsu. Wanda ya ƙi, ka bar masa motarsa.